Haɓon Jikana a Wajen Koyon Nutso

Jiya jikana Bello, wanda shi kaɗai ya rage mini a gida, ya dawo unguwarmu ta Damilu yana haɓo. Wai nutso ake koya musu, shi da wasu matasa, da tukunyar iskar numfashi a baya, don ceton mutane idan kogin Binuwai ya cika.

Na ce, "Ɗaga kanka sama mana!"

Ya ce, "Kaka, malaminmu ya hana. Sunkuyawa ake yi, a matse hanci. Kuma ba shiga ruwa sai likita ya duba ni."

Tun shekarun bama-bamai ba na yarda da baƙon da ke tara matasa yana ɗaura musu tukwane a baya. Na ɓoye tabarau ɗin nutsonsa a ƙarƙashin katifata.

Wataƙila tsufa ke sa ni zargi. Jama'ar Jimeta, wa ya san masu koyar da nutson nan, kafin in mayar masa da tabarau ɗin?