Bambar Marsandin Kyaftin

Alassani da Fuseini tagwaye ne, 'ya'yan wani maƙerin buta a unguwar Didaouré, cikin Sokodé. Fuseini ya tashi da son tafiya, ya zama direban babbar mota, yana ɗauko shanu daga Dapaong zuwa kudu. Alassani kuwa hannun ubansu ya gada. Shekarar da aka samu 'yancin kai ya bar garejin gwamnati inda ya koyi buga jikin mota, ya kafa rumfarsa a bakin hanyar Tchamba.

Kowane irin lotsewa yana gyarawa, amma abin da ya yi suna a kai shi ne bamba, ƙarfen nan mai ƙyalli na gaba da bayan mota, wanda direbobin garin ke kira fareshok. Ƙyallin nan wani ruwan ƙarfe ne siriri da ake kira kurom, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Wanda bai iya ba, duka ɗaya zai yi ya fasa shi. Alassani da gudumar itace yake aiki, ya shimfiɗa fatar akuya a kan maƙera, ya bi lotsewar ta ciki a hankali har ta koma. Mutum ne marar yawan magana, mai 'ya'ya mata uku, kuma bai taɓa wuce Kara ba sai a daminar 1974.

A daminar nan ne wani mai fataucin shanu, Hamadu, ya sauka a rumfarsa ko zama bai yi ba, ya ce an kama Fuseini. Yana ja da baya ne a kasuwar shanu ta Dapaong, ƙasa ta jiƙe, motar ta zame ta daki wata baƙar Marsandi da aka ajiye. Ba a ji wa kowa ciwo ba. Sai dai motar ta wani kyaftin ɗin soja ce, tsohuwar mota mai shekara ashirin wadda ya saya a lalace ya yi shekaru yana gyarawa, har an ce da kansa yake wanke ta. Sojoji sun sauko da Fuseini da gindin bindiga, sun tafi da shi bariki. Kwana huɗu ke nan ba wanda ya gan shi.

Lauratu, matar Fuseini, tana da tsohon ciki. Alassani ya ce mata kada ta damu, ƙarfe ne, aikinsa ne. Ya ɗaure gudumominsa da magagari a buhu ya hau motar gishiri.

Sai da ya yi kwana uku a ƙofar bariki kafin kyaftin ya yarda ya gan shi. Dogo ne, yana jin Hausar kasuwa. Bai bar shi ya gama ba da haƙuri ba, ya ja shi zuwa gaban motar. Bambar ta lanƙwashe a gefen hagu, ta karye kamar gwiwa.

"Ɗan'uwanka ya ɓata, kai ka gyara," in ji kyaftin. "Ranar da na ga fuskata a ciki kamar da, ranar zai fita."

Alassani ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in gan shi ko sau ɗaya."

Kyaftin ya ce aiki ya kawo shi, ba gaisuwa ba.

Cire bambar kaɗai ya ci kwana biyu. Notocin da ke riƙe da ita sun yi tsatsa sun manne. Ya jiƙa su da kananzir, ya jira, ya murɗa. Biyu suka kwance, ɗaya ya tsinke a cikin mariƙin da ke haɗa ta da jikin motar, sai da ya huda shi da hannu. Ya yi mako guda a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro cikin bariki yana miƙar da ita, kuma ta miƙe sarai. Amma a inda ta karye, kurom ɗin ya tashi kamar ɓawon kifi, faɗin tafin hannu, baƙin ƙarfe ya fito. Wannan kuwa guduma ba ta mayar da shi. Direbobi sun ce masa sai a bakin teku ake tsoma ƙarfe a ruwan kurom, kuma wanda ya kai nasa a can yakan yi watanni yana jira.

Ya gwada fentin azurfa, ya goge da kansa tun kafin kowa ya gani. Sai ya tuna yadda ubansu ke shafa wa buta kuza, ya narka ya shafa a wurin, ya goge har ya ɗauki ido. Kwana biyu ruwa ya sauka a kai, wurin ya dushe. Kyaftin ya zo ya karce shi da farce, ya ce shi mota ya saya, ba buta ba.

A ranar ce Alassani ya hango Fuseini. An fito da su huɗu suna ɗauke da bokitin bayan gida. Ya rame, fuskarsa a kumbure, yana jan ƙafar dama. Sun haɗa ido, Fuseini ya kau da kai. Alassani ya zauna a kan buhunsa, har la'asar bai iya ɗaga guduma ba.

Da ya ga ba dabara, ya roƙi a bar shi ya tafi da bambar ya nemo irinta. Ya bi gareji-gareji daga Dapaong zuwa Mango zuwa Kara, yana ɗauke da ita a kafaɗa kamar mai tallar ƙarfe. Ya sauka har Langabou don an ce akwai wata mota da ta faɗi a can, ya tarar ba irinta ba ce. Ya koma Sokodé ya tarar Lauratu ta haihu, an yi suna ba uba. Bai iya shiga ɗakinta ba, daga zaure ya yi barka.

Wani tsohon mahauci ne ya tuna masa cewa marigayi Alhaji Karimu na Tchamba, mai fataucin goro, ya taɓa hawa irin wannan mota. Alassani ya je ya same ta a bayan gida, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya. Bambar gaba tana nan lafiya lau, sai ɗigo-ɗigon tsatsa.

Matar marigayin, Hajiya Azara, ta ce ba ta sayarwa ba ce. 'Ya'yanta ma sun so su kai motar ga masu sayen ƙarfe ta hana. Alassani ya yi niyyar roƙonta da kalamai masu daɗi, amma da ya buɗe baki sai kuka ya ƙwace masa, babba da shi, a gaban jikokinta. Ta kore yaran, ta sa aka ba shi ruwa, ta saurari labarin tun daga farko.

"Kwance ka tafi da ita, ɗana," ta ce. "Amma ka ɗaura mata wadda ka zo da ita a gurbinta. Kada ka bar motar Alhaji da giɓi."

Ya yi yadda ta ce. Ya yi kwana biyar yana goge wadda ya kwance, da toka mai laushi da lemon tsami da takardar azurfa ta cikin kwalin taba, ɗigo bayan ɗigo, don ƙarfi kaɗan zai cinye ƙyallin. Fatar yatsunsa ta saluɓe. Ya shafa jan fenti ta ciki don kada tsatsa ta dawo, ya naɗe ta a zanen matarsa ya koma Dapaong.

Ramukan notin ba su dace da mariƙan motar ba, sun kauce da kamar faɗin yatsa. Ya gasa mariƙan ya karkata su, ya yanka robar taya ya sa tsakani don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ya ɗaure noti ɗaya-ɗaya yana ja da baya yana duba ko ta zauna daidai. Kyaftin ya zo ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ce ta yi kyau, har ta fi ta da. Sa'an nan ya ce ai mutumin ba ya hannunsa, tun makon jiya aka kwashe su zuwa wani gidan yari, takarda za a rubuta. Ya shiga motar ya tafi.

Takardar ta ci wata biyu da rabi. Alassani bai koma gida ba. Yana gyara kwanoni da butoci a kasuwar Dapaong ya samu na abinci, kullum da safe yana ƙofar ofis. Hamadu ne ya samo wani magatakarda ɗan garinsu ya binciko sunan. Ranar da aka saki Fuseini, goya shi Alassani ya yi zuwa tasha.

Ƙafar Fuseini ba ta warke ba, tarin da ya fito da shi kuma bai bar shi ba. Bai ƙara tuƙi ba. Ya yi shekara uku yana zama a rumfar ɗan'uwansa, yana miƙa masa sufana, kafin ya rasu. Alassani ya haɗa 'ya'yan marigayin biyar da nasa ya riƙe. Ya ci gaba da aikin bamba har lokacin da motoci masu bambar roba suka cika gari, sai ya koma ƙera ƙofofi da tagogi. Ya rasu a Didaouré, 'yar Fuseini da aka haifa a daminar nan ce ta yi jinyarsa.