Giyar Gelindo da Goɗiyar 'Yarsa

Ni da Gelindo mun taɓa yin kaca-kaca ranar baftismar jikana. Na soya kifi, ya shigo da kwalbar giyarsa, ya leƙa faranti, sai ya mayar da kwalbar cikin riga.

"Dosolina, jar giyata ba ta zama da kifi. Ba wa baƙinki ruwan rijiya."

Na ce, "Kai ma ai ba ka zama da mutane, ga shi mun ba ka kujera."

Duk tudun ƙauyenmu Fumane an san hannunsa wajen haɗa giyar inabi. Da kaka yakan shanya inabi a bene bisa asabarin kara, ya yi ta hawa yana tsince wanda ya yi fumfuna, har tsakiyar sanyi, sai 'ya'yan sun yamutse kamar wuyana kafin ya matse. Giyar takan fito kusan baƙa. Ta fara maka da zaƙin busasshen ɓaure, sai bauri ya kama harshe, ɗaci ya tsaya a maƙogwaro ya ƙi tafiya. Yakan ce irin wannan sai abincin da zai iya kokawa da ita: tsohon cuku mai tauri, ko naman kurege, amma sarkinsu naman doki, a jiƙa shi cikin giyar da albasa da kanumfari, a dafa har ya saki, a zuba kan tuwon masara.

Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa 'ya ɗaya, Nives. Yarinyar ba ta da abokiyar hira sai Mora, goɗiyar da ke jan keken inabi. Shekarar da giyar ta yi kyan da bai taɓa gani ba, Mora ta tsufa ta fara ɗingishi. Gelindo ya dubi gangar giya, ya dubi goɗiya. Ya ce wa Nives ya tura Mora wurin ɗan'uwansa a kan dutse ta huta.

Ya gayyato dillalan giya daga birnin Verona. Nives ce ta raba abinci, ita ma ta ci har ta ƙara. Wani baƙo ya ce bai taɓa cin nama mai laushi haka ba. Giya ta riga ta hau wa Gelindo kai, ya bugi tebur.

"Yaya ba zai yi laushi ba? 'Yata ce ta yi kiwonta, tuffa a tafin hannu!"

Baƙi suka kwashe da dariya. Nives ta ajiye cokali a hankali. Kafin inabi ya sake toho ta tafi Torino aikin masaƙa. Ya ce yunwa za ta dawo da ita. Ashe a Torino ma ana cin abinci.

Bayan shekaru, da ƙafafunsa suka mutu, abin da ya rage masa shi ne ya ga Nives zaune a teburinsa. Ya aika mata cewa ya ba ta gonar, ta zo ta sa hannu wurin lauya. Ya sa aka yi masa aski, aka jingina shi a kujera, ya buɗe kwalba mafi tsufa tun safe don ta sha iska. Ni ya roƙa in yi girki.

"Saniya fa, Dosolina. Ki gaya mata saniya ce."

Nives ta zo. Ta sa hannu, ta sayar wa maƙwabcinsa gonar nan take, ta biyo gidana ta ci burodi da cuku a tsaye, ta kora da ruwa.

Da na shiga gidansa da tukunya, ya miƙa wuya yana leƙen bayana.

"Motar Torino ta iso?"

Na ce, "Ta iso, har ta koma da ita. Ci namanka, Gelindo. Kuma ka sha a hankali, don inabin bana na wani ne."