Ranar da na kai ƙarar tela

Ni ne na yi kuskure, kuma ba ƙarami ba. Na kai ƙarar maƙwabcina wurin sojoji a kan buhun burodi, ban kuwa tambaye shi ko kalma ɗaya ba.

Manomi ne ni a Malumfashi. Babbar gonata tana can gaba da Gozaki, damina uku ke nan ban sa mata garma ba saboda 'yan bindiga. Abin ya ishe ni. Jirgi ya zo ya yi wa daji ruwan wuta, mu yi murna, bayan sati biyu a ji sun ɓullo ta wani ƙauyen. A ce an yi sulhu, kafin masara ta yi goyo an karya. A hana sayar da mai a jarka, mai injin ban ruwa ya rasa yadda zai yi, su kuwa na daji baburansu ba su taɓa tsayawa ba. Kullum bayan la'asar gardamarmu ɗaya ce a majalisa: abin nan zai ƙare ko ba zai ƙare ba? Ni ne mai babbar murya.

"Masu kai musu abinci ne matsalar," nake cewa. "Ranar da aka kama su, ranar an gama."

Wani tsohon direba ya kan ce, "Malam, kai da ɓeran rumbunka ya gagare ka, kai ne za ka kamo mana infoma?"

A yi dariya, ni kuwa in ƙule.

Maƙwabcin nawa tela ne. Iyayensa Yarabawa ne, Kiristoci, amma shi a nan aka yanke masa cibiya, kuma shi ke ɗinka mana kayan sallah. Mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke ce wa Mama, kwanuka take sayarwa a kasuwa. A lokacin an ce mana ta tafi kudu wajen biki.

Wata safiya na ga telan yana ɗaure buhun burodi a babur, da katan na lemo da ledar magani. Bayan kwana biyar na sake ganin haka, kuma hanyar daji ya nufa. Me tela zai yi da burodin mutum hamsin? Da na tsallaka kwata ɗaya na tambaye shi, da shi ke nan. Amma ni ina son majalisa ta san ba surutu kawai na iya ba. Akwai kuma abin da na fi jin kunyar rubutawa: zuciyata ta ce mini ai dama ba ɗan gari ba ne. Mutumin da na ga tatatarsa! Na je shingen sojoji da ke bakin gari na faɗa musu launin babur ɗinsa. Fitarsa ta gaba suka tare shi, suka riƙe shi da kayan da wayarsa.

A kwana na uku matarsa ta shigo gidana, ta durƙusa tana kuka.

"Baba, ka taimake mu. Kai dattijo ne, za su ji maganarka. Mama ba kudu ta tafi ba. A hanyar Funtuwa 'yan bindiga suka ɗauke ta, sun ce in muka bari wani ya ji za su kashe ta. Burodin su suka ce a riƙa kaiwa. Maganin kuwa nata ne, na ciwon suga. Yanzu suna ta kiran wayarsa ba mai ɗauka."

Wallahi na san haka ake yi. Kowa a ƙasar nan ya san cewa in an ɗauke naka, bakinka za ka rufe ka kai abin da aka ce. Ni kaina na taɓa raka wani ɗan'uwana sayen irin wannan kayan. Amma da ya zama na tela ne, sai na mance.

Na ɗauki mai unguwa muka tafi shingen. Aka ce mu dawo gobe, oga ba ya nan. Washegari aka ce an kai shi Funtuwa. A Funtuwa aka ce a kawo takarda. Wani soja, da ganin idonsa ya daɗe bai yi barci ba, ya ce mini, "Baba, ku ne kuke kawo rahoto, ku ne kuma kuke zuwa roƙo. Mu ya za mu yi?" Sai a kwana na tara suka saki telan. Duk kwanakin nan Mama ba magani.

An sako ta bayan wata guda, ƙafarta ta ruɓe. A asibiti aka yanke mata yatsu uku, ba ta ƙara zaman kasuwa ba. 'Yan bindigar kuwa suna nan, ko ɗaya bai ragu ba saboda ƙarar da na kai.

Wata biyar na yi shiru. Unguwa tana ta yaba mini wai na tsaya wa maƙwabci, ni kuma ina amsawa da "ai yi wa kai ne". Ranar Kirsimeti matar telan ta kawo mana shinkafa da kaza a babban kwano, ta ce Mama ce ta ce a ba ni cinya, don ba ta da abin da za ta saka mini da shi. Na rufe kwanon na miƙe.

Na sa hula na shiga gidansu. Mama tana kan tabarma, ƙafar a naɗe, telan yana zaune gefenta.

"Baba, lafiya?" in ji shi. "Ko wuyan rigar ne ya sake matse ka? Na ce maka ƙiba kake yi."

Na cire takalmi na durƙusa a gabansu.

"Mama, tela, ku daina gode mini. Ni ne na kai ƙara a shinge. Na ga burodi ban tambaya ba, na zarge ka da abin da ba ka yi ba, na ja wa Mama wannan ƙafar, sannan na karɓi godiyarku wata biyar. Ba ni da wata hujja. Duk wanda kuke so in faɗa a gabansa, zan faɗa. Don Allah ku yafe mini."