Sammacin da Na Aika wa Yayyenmu

Shekarun baya, a tsakiyar shekarun casa'in, ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta ɗalibai mata Hausawa a Lyon. Al'adarmu ita ce, duk sabuwar ɗaliba ta fara sauka gidan wata yayarmu da ta gama karatu, kafin ta sami ɗaki. Amma yayyen sun watse, wasu aure, wasu aiki a Paris, ba ma jin ɗuriyarsu. Ga wata yarinya tana tafe daga Maraɗi nan da sati uku, kuma ni na yi wa mahaifinta alkawarin masauki.

Ni kuwa lokacin boko yana hawa mini kai. Na buga takarda da Faransanci, na danna hatimi, na kira yayyen taro, har da rubuta cewa halarta tilas ce. Ranar taron na dafa shinkafar mutum ashirin. Mu huɗu muka zauna muna kallon tukunya, dukanmu ɗalibai.

Da na kira mahaifiyata ina ƙorafi, sai ta ce, "Mi kika ce? Takarda kika aika ma yayyenki? Ƙafarki ta karye ne?"

Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris da ƙullin kilishi, na nufi Bobigny, gidan Hajiyar da ta kafa ƙungiyar. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a daƙile. Sai ta zaro takardata daga jaka.

"Karanta mini wanga sammaci da bakinki," in ji ta.

Na karanta. Da na kai wurin tilas ɗin, ta ce, "Présence obligatoire! Ko préfet, gwamnan lardi guda, bai taɓa rubuto mini haka ba." Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Sai ta sassauto. "Ɗiyata, ba mu bar ƙungiya ba. Tun da muka gama, ba wadda ta tako ta ce ina kwana. Na haihu sau biyu, ban ga ɗayanku wurin suna ba."

Haƙuri kawai na ba ta. Ta sa na ci tuwo, sannan ta jawo talho. Kira biyu ta yi, na uku wata yayarmu a Saint-Fons, kusa da Lyon, ta ce a kawo mata yarinyar. Wallahi sai da na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Daga nan muka raba yayyen tsakaninmu, kowace ɗaliba da wadda take zuwa gaisarwa, ko da buƙata ko babu. Har yau in na tuna kunya takan kama ni, don shekara biyu ina zaginsu a zuciya cewa sun manta da mu, alhali ban san sunan ɗan ko ɗaya daga cikinsu ba. Yarinyar ta sauka daga jirgi ta tarar da yayyenta uku suna jiranta, ba ta taɓa sanin saura ƙiris ta rasa wurin kwana ba.