Kunnen Hagun Mai Tanki

Mai Tanki, Allah ya jiƙansa, shekara talatin da huɗu ya yi yana walda a bayan layin masu katako. Tankunan ruwa na ƙarfe yake haɗawa, irin manyan nan da mutum zai sauka ciki da tsani, ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu bai taɓo sama ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa duk tabon tartsatsi. In yana magana da kai sai ka ga ya karkato maka gefen dama, domin guduma ta cinye masa kunnen hagu tun yana saurayi. Mu da muka zauna da shi ta dama muke zuwa masa. Matarsa ce kaɗai ke zama ta hagu. Duk abin da aka faɗa ta wannan ɓangaren, sai ta taɓa masa gwiwa, ya juyo, ta maimaita masa. Shi ya sa ba ya kiranta da komai sai Kunnena.

Bayan walda, abin da ya fi ƙauna shi ne wata tsohuwar sintisaiza da ya karɓa a hannun mai gyaran rediyo. Kama da kibod take, sai dai ba ta kiɗa kanta, mutum ne ke ƙera sautin da yake so ta hanyar murɗa maɓallai. Yana da wata ɗabi'a da kowa a layin ya sani. Duk tankin da ya gama, kafin a shafa fenti, sai ya saukar da na'urar ciki da doguwar waya da ƙananan lasifiku biyu, ya zauna a kan bokiti ya yi kiɗa. Amininsa mai fenti yana waje yana mita, wai fenti na bushe masa a gwangwani. Shi kuwa sai ya leƙo ya ce a bar shi ya yi wa tankin sallama. Daga waje ba a jin komai sai gurnani, don haka sauran masu walda suka sa masa ido, suna cewa ya shiga gaida aljanunsa. Dariya kawai yake yi. Ya sha faɗa wa mai fenti cewa a cikin tanki sauti ba ya mutuwa nan take, zagayawa yake yi ta jikin ƙarfe, ya hau sama, ya dawo maka ta baya yana jan jela.

Sai tankin roba ya shigo gari. Aiki ya riƙa raguwa har ranar da mota ta ɗauki tankinsa na ƙarshe, ya tsaya a bakin titi yana kallonta har ta sha kwana. Ya koma kiɗa a ɗaki, tsakanin katifa da labule, inda kowane sauti ke faɗuwa ƙasa kamar an yar da cokali. Bai wuce wata biyu ba likita ya gaya masa cewa kunnen daman ma ya kama hanya, da wuya ya kai shekara yana ji sosai. A makon nan ne kuma ƙungiyar masu walda ta sa ranar da za ta yi masa taron ajiye aiki, saura mako uku.

Ranar da likita ya faɗi haka, tare da matarsa suka dawo daga asibiti. Da suka isa ƙofar gida ya tsaya, ya ce wa matarsa abu biyu yake so kafin kunnen ya rufe: ya sake jin cikin tanki ko da sau ɗaya, kuma masu yi masa dariyar aljanu su ji abin da yake ji shekara da shekaru.

Mai gyaran rediyo ne ya ba shi labarin feda, ɗan akwati da ake ajiyewa a ƙasa a taka da ƙafa, yana ƙara wa sauti amsa-kuwwa kamar a babban ɗaki. Ya ja masa kunne cewa lallai ya nemi ta sitiriyo, mai raba sauti hagu da dama, in ba haka ba zagayawar nan da yake nema ba za ta fito ba. Nan Mai Tanki ya shafa kunnensa na hagu. Ta yaya mai kunne ɗaya zai tantance hagu da dama?

Ranar da za su shagon kayan kiɗa, ya naɗe sintisaizar a bargo, mai fenti ya rungumo lasifikun, matarsa na biye da mayafinta. Shagon ƙarami ne, gitoci rataye a bango, fanka na juyawa a hankali. Mai shagon ya ga ayarin ya ce, "Baba, ƙaura kuka yi ne?"

"Amarya muka zo gani," in ji mai fenti, "shi ya sa muka taho da uwargida ta duba mana halinta."

Matar ta harare shi, ta ce ya ajiye kayan mutane a hankali kafin ya fasa.

Feda ta farko ja ce mai ƙyalli. Mai Tanki ya danna sauti ɗaya tak, wanda ya ƙera da kansa, mai kama da bugun guduma a farantin ƙarfe. Sautin ya fito yana tsagewa kamar ana yaga takarda. Mai shago ya sosa ƙeya, ya yarda cewa don gita aka yi ta, ƙarfin da sintisaiza ke turowa ya fi ƙarfinta. Aka mayar da ita.

Ta biyu ita ce abar alfaharin shagon, mai ɗan allo mai haske, da sautuka fiye da ɗari a cikinta. Mai shago ya riƙa latsawa yana lissafo su: na babban zaure, na kogo, har da wani wai na sararin samaniya. Gaskiya ta yi daɗi. Mai Tanki ya ji jelar sautin ta yi tsawo, fuskarsa ta saki, har ya fara gyaɗa kai. Amma bai ce a naɗe ba. Ya sa aka raba lasifikun, ɗaya can ɗaya can, ya tsayar da matarsa a tsakiya.

Ita kaɗai ce, ban da shi, ta taɓa jin kiɗan daga ciki. Suna sabon aure ta kai masa abinci, ya lallaɓe ta ta sauka tsanin tana ta salati, ta zauna rabin sa'a tana saurare, sannan ta fito. Shekara talatin ke nan.

Ya ce mata, "Kunnena, rufe idonki. Inda sautin ya je, ki bi shi da yatsa."

Ya danna wani sauti da ya tsara ya tashi daga hagu ya tafi dama. Ta ɗaga yatsa, yatsan ya tsaya cak a gaban hancinta. Ya sake dannawa, bai motsa ba. Ta buɗe ido ta ce sautin yana da faɗi, amma a tsakiya yake tsaye kamar an ɗaure shi a turke, na tanki kuwa yawo yake yi.

Mai shago ya ɗan yi musu, ya nuna ramukan waya biyu na shiga da biyu na fita. Sai ya tsaya inda ta tsaya, ya saurara, ya ɗauko takardar da ke cikin kwalin ya karanta. Ya ɗago yana murmushin kunya, ya ce Mama ta fi shi gaskiya: fedar tana haɗe hagu da dama wuri guda tun daga ciki, sannan ta baza su. Ya ce shekara biyu yana sayar da ita bai lura ba.

Daga nan ya durƙusa ya jawo wata feda daga ƙasan kantar shagon, baƙa, ta hannu, duk jikinta a kakkarce, maɓallanta huɗu kacal. Ɗaya na tsawon jela, ɗaya na yawan amsa-kuwwar da za a gauraya, ɗaya na ɗan jinkirin da ke tsakanin bugu da amsa, ɗaya na rage kaurin ƙasa don kada sauti ya dagule. Mai Tanki ya daɗe a kanta. Ya buga, ya ƙirga da yatsu har bakwai, ya ce ta yi yawa, tankinsa biyar da rabi yake yi. Ya rage. Ya ƙara jinkirin kaɗan, domin a tanki sai bugu ya isa bango kafin ya dawo. Sannan ya dubi matarsa, ta rufe ido.

Yatsan ya tashi daga hagu, ya ratsa gabanta, ya kai dama, ya ɗaga sama, ya fara zagayawa a hankali har ya koma bayan kanta. Hannunta na sama hawaye suka gangaro mata.

"Baban yara," ta ce, "tsanin kawai ya rage."

Shi ma ya je ya tsaya a wurin, ya sa mai fenti ya danna masa, ya riƙa juyawa a hankali kamar mai awon riga, yana miƙa wa kowane ɓangare kunnensa na dama. Da ya gama zagaye sai ya fashe da dariya har yana riƙe kantar shagon. Kafin su bar shagon ya sa mai fenti ya ciro ɗan buroshin da ba ya rabuwa da aljihunsa, ya ɗiga rawayan fenti a daidai inda kowane maɓalli ya tsaya. Ya ce ranar da kunne ya tafi, ido zai riƙe masa wurin.

Taron da yamma aka yi, bayan an tashi daga aiki, a ɗakin ƙungiya mai rufin kwano da kujerun roba. Aka yi jawabai, aka ba shi kyautar agogon bango. Da ya fara warware bargo wani tsohon abokin aikinsa ya ce a buɗe tagogi, aljanu za su buƙaci hanyar fita. Kowa ya yi dariya, har da shi. Ya taka fedar, ya buga sautin gudumar nan sau ɗaya.

Dariyar ta yanke. Mutanen nan duk sun taɓa shiga tanki, sun san yadda ƙarfe ke amsawa in an ajiye guduma, sai dai ba wanda ya taɓa tsayawa ya saurara. Kawunansu suka riƙa juyawa suna bin sautin. Ya yi musu kiɗa kusan minti ashirin, a hankali, ba ganga ba waƙa. Da ya ɗauke hannu jelar ta ci gaba, su ma ba wanda ya motsa sai da ta ƙare. Mai zolayar nan ne ya fara tashi tsaye, hularsa a hannu, ya ce a yafe masa, ashe shekara talatin a waje suke zaune. Tafin da aka yi ta hagu ya fi yawa, matarsa ta taɓa masa gwiwa, ya juya ya gani da idonsa.

Ya ƙara shekara ɗaya da wata bakwai a duniya. Kunnen ya tafi kamar yadda likita ya faɗa, amma bai daina kiɗa ba. Kullum bayan la'asar zai duba ɗigon fentin nan huɗu, ya ɗora tafin hannunsa na hagu a kan lasifika, ya yi kiɗa da dama, matarsa na zaune a tsakiyar ɗaki tana tsintar abin da take tsinta. Wani lokaci ba ta ma sanin yatsanta ya ɗaga ba. Shi kuwa yatsan yake kallo.

Ciwon kwana huɗu ya yi. Mai fenti na cikin waɗanda suka ɗauke shi, ta gefen dama ya kama, don ta nan ya saba zuwa masa. Fedar tana nan a ƙasan teburin ɗakinsa. In matarsa za ta goge mata ƙura, da gefen mayafi take bi a hankali, kada maɓalli ya goce daga kan fentinsa.