Ranar da Douwe Bai Lalata Tire Ba

Shekara ashirin da biyu muna tuƙa keke tare da Douwe Terpstra daga ƙauyenmu zuwa makaranta a garin Dokkum. Iska ta dake mu a fuska da safe, da yamma kuma ta juyo ta sake dukanmu, kamar da gayya. Ni lissafi nake koyarwa. Shi kuwa ba malami ba ne, in ka kira shi malami ma sai ya gyara maka. Shi ke kula da ɗakin gwajin sinadarai: ya wanke kwalabe, ya auna hoda, ya jera wa yara kayan aiki kafin su shigo. Ɗan makiyayin shanu ne, ya yi shekara tara yana gwada madara a wani kamfanin cuku kafin ya zo mana, kuma ko kofi ka miƙa masa sai ya shinshina kafin ya kurɓa.

A kamfanin nan ne ya taɓa yarda da rubutun da ke jikin wata kwalba, aka wayi gari an zubar da madara tanki guda. Tun daga nan yake cewa takarda ba ta san abin da ke cikin kwalba ba. Saboda haka kowane darasi tire goma sha biyu na kayan gwaji yake shiryawa, yara biyu-biyu. Goma sha ɗaya lafiya lau. Ɗaya kuwa sai ya lalata shi da gangan: ya tsinka ruwan tsami da ruwan famfo, ko ya musanya takardun kwalabe biyu, ko ya zuba sukari a mazubin gishiri. Bai taɓa sa abin da zai cutar da kowa ba, kuma ba ya faɗa wa kowa wanne ne, har Aukje Bruinsma, malamar sinadaran da yake yi wa aiki. Da farko sun sha faɗa a kan haka. Daga baya ta ga yaranta sun daina haddar amsa sun koma tambayar dalili, sai ta ƙyale shi da halinsa.

Akwai lambar yabo da wata ƙungiyar masana sinadarai ke ba malamin da ya fi ƙwazo kowace shekara. Sau biyu Aukje tana kaiwa ukun ƙarshe tana dawowa hannu rabbana. Mu mutanen nan ba ma yarda a ga muna son abu, don haka ta ce ita ko a jikinta. Ƙarya take, na ga wasiƙun biyu da ƙungiyar ta aiko mata a aljihun teburinta, sun sha karatu har sun yi laushi. A shekarar da nake ba ku labari ta sake kaiwa ukun ƙarshe, ga shi a watan Yuli za ta yi ritaya. In ta wuce ta wannan karon, shi ke nan.

Ranar Litinin muna shan kofin ƙarfe goma, shugaban makaranta, Kooistra, ya tare Douwe.

"Douwe, ranar Alhamis alƙalai uku za su zo kallon darasin Aukje. Don Allah ka ajiye mana shaiɗancin nan naka na kwana ɗaya."

"Wane shaiɗanci? Aikina ne."

"Aikinka ne ka sa gwajin yara ya watse a gaban baƙi? Ka rufa mana asiri, bawan Allah."

Douwe ya dubi Aukje. Ita kuwa ta zuba wa kofinta ido. Wannan ne ya karya shi.

A hanyar gida na ce masa, "Kai dai ka yi abinka. Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

"Cibin ba nawa ba ne, Sybren," ya ce. "Nata ne."

Ranar Alhamis ba ni da aji, sai na shiga ɗakin gwajin na laɓe a baya kusa da ƙofa. Tire goma sha biyu, kowanne daidai, karo na farko tun zuwansa makarantar. Aikin ranar mai sauƙi ne: a auna ƙarfin ruwan tsami da ruwan jan kabeji, a ga yadda launi ke sauyawa. Minti ashirin ya isa. Aukje ta ce a fara.

Ba wanda ya fara. Yaran suka shiga tsoma takardar gwaji a kwalabe, kamar yadda suka saba, suna gwama nasu da na maƙwabta.

"Namu dai lafiya."

"Mu ma namu lafiya."

"To na wa ne?"

Minti goma suka wuce ba a kama komai ba, sai hankalinsu ya tashi. Suka jera kwalabe goma sha biyu a bakin taga suna dubawa da haske. Wasu suka koma kan ma'auni, wasu suka ce wataƙila kabejin ne. Fuskar Kooistra ta yi ja kamar ruwan da ke cikin kwalaben. Douwe yana tsaye a ƙofar ɗan ɗakinsa, ya matse tsumma a hannu.

Ɗaya daga alƙalan, wata dattijuwa mai tabarau a rataye, ta matsa kusa da wata yarinya mai suna Nynke.

"Me ya hana ku farawa?"

"Ranki ya daɗe, ba mu gano wanda aka lalata ba tukuna. Malam Terpstra kullum sai ya lalata ɗaya. Amma yau tsohon nan ya ɓoye shi da kyau!"

"In kuma babu fa?"

Nynke ta dube ta da mamaki. "Ai sai mun gama gwadawa za mu iya cewa babu."

Ƙararrawa ta kaɗa ba a ɗiga ko ɗigo ɗaya na darasin ba. Alƙalan suka yi godiya suka tafi.

Rannan a hanyar gida, mun yi rabi, Douwe ya juyo gare ni. "Na kashe mata lambar nan," ya ce. "Ba yau ba, tun tuni. Ni na koya musu wannan taurin kan." Tausayinsa ya kama ni sosai, muka ci gaba da fama da iska.

Bayan mako uku wasiƙa ta iso. Aukje ce ta ci. Alƙalan sun rubuta cewa sun ga darussa masu kyau a wurare da yawa, amma nan ne kaɗai suka ga yara ashirin da huɗu sun ƙi yarda da kwalba sai sun gwada. Takardar yabon suna ɗaya ke jikinta, don doka ta ce ta malamai ce. Na tsokane shi da cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya ce shi ina ruwansa da takarda. Aukje dai ba ta kai ta gida ba. Ta buga ƙusa a saman wurin wanke kwalabensa ta rataye ta.

A nan wanda abin alheri ya samu shi ke ciyar da mutane. Washegari Aukje ta shigo da oranjekoek, kek ɗin bikin mutanenmu, wanda ta gasa da kanta, samansa ruwan hoda, an lafta masa kirim, yanka goma sha biyu a kan tire. Ta ɗauki yanka ɗaya ta sa a ƙaramin faranti ta miƙa wa Douwe.

"Kai za ka fara."

Idonsa ya ciko. Mutumin da ke shinshinar kofi ya gatsa babbar loma bai ko duba ba. Sai muka ga ya tsaya cak, fuskarsa ta yamutse. Gishiri ne zalla a kirim ɗin.

"Goma sha ɗayan lafiya lau suke," Aukje ta ce. "Shekara ashirin da biyu nake jiran ranar nan, Douwe. Ina gwajin naka?"

Muka yi dariya har Kooistra ya ƙware. Na ce yau za mu gani, wanzami ba ya son jarfa. Amma Douwe ya haɗiye lomar, ya sake yankan wata, ya cinye yankan nan tas, ya kankare farantin da cokali.

"Ban gwada ba," ya ce. "Daga hannunki ya fito."