Wankan da Ban Yi Ba

A unguwarmu ta Hausawa a Garwa, idan mace ta rasu, gwaggon mijina ake aika wa. Ita ke wanke gawa, ni ke zuba mata ruwa. Ba a biyanmu, in ma aka matsa mana da goro, ɗaya take ɗauka ta tura sauran. Ba zan yi ƙarya in ce tsoron Allah ne ya kai ni aikin ba. Wata rana ce mai taimaka mata ta tafi biki Pitowa, sai ta leƙo ɗakina ta ce, "Ke mai bakin nan, taso mu ga ko kin iya wani abu ban da surutu." Na bi ta ina gunaguni, shekaru suka yi ta wucewa ina biye da ita.

Tsohuwa ce mai fitina a wajen aiki. Ruwa sai mai ɗumi, kuma kuskure kaɗan za ta sa a sake daga farko. Abu ɗaya ta roƙe ni, ta maimaita har na gaji da ji: ranar da ta mutu ni zan wanke ta, kada in bar ta a hannun wanda bai san aikin ba. Nakan ce, "Haba Gwaggo, ke da za ki binne mu duka."

Sai daminar kwalara ta zo. Kogin Binuwai ya cika ya tumbatsa, rijiyoyi suka ɓaci. Ma'aikatan lafiya suka zagaya suna cewa a daina taɓa gawa. Ni da wasu mata muka koma bi gida-gida da ruwan javel mai kashe ƙwayoyin cuta, muna roƙon mutane su wanke hannu, ana yi mana dariya wai mun samu aikin gwamnati. Gwaggo ba ta bi mu ba. Ashe gawar wata maƙwabciya ta je ta wanke a ɓoye, ba ta gaya mini ba don ta san zan tare ƙofa. Kwana biyu amai da gudawa suka kayar da ita. Muka kai ta tantin da aka kafa wa masu cutar, ba ta kai la'asar ɗin washegari ba.

Na je da bokitina da ganyen magarya. Wata ma'aikaciya Bafulatana ta tare ni.

"Munyal, Dada, ki yi haƙuri. Dokto ya hana wanka."

"Ke yarinya, alkawari na ɗauka!"

Na yi faɗa, na yi kuka, na gaya mata maganar da har yau nake jin kunyarta, alhali ita ke da gaskiya. Daga ƙarshe ta ba ni safar hannu, ta ce in shiga amma in tsaya daga nesa.

Maza biyu ne ke feshin magani. Na roƙe su su kawar da kai, suka kawar, Allah ya saka musu. Na cire mayafina na ware shi tsakaninta da ƙofa, har suka sa ta a baƙar leda suka ɗaure. Iyakar abin da na yi mata ke nan.

Da cutar ta lafa na koma aikin, domin mata ba su daina mutuwa ba, kuma babu wata. Na wanke waɗanda na sani da baƙin da ban taɓa gani ba, har da wadda muka shekara ba ma gaisawa. Gwaggo ce kaɗai ta taɓa roƙona, ita ce kuma aka binne ba wanka.